Yadin da Aka Ƙi Sau Biyu

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a asibiti, aka sallace shi a Harami bayan la'asar, kafin magariba an rufe shi a maƙabartar Shara'i. Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki a gidanmu na unguwar Zahir, abin da 'yan nan Makka ke kira aza, babu macen da ta shigo ba ta ce mini ya dace ba. Mutuwa a Makka, salla a gaban Ka'aba, sahu-sahun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna roƙa masa gafara, me kuma ya rage? Na ce amin, don gaskiya suka faɗa. Amma raina a ɓace yake, kuma har yau da nake wannan rubutu bai gama gyaruwa ba.

Tsofaffin matan unguwa sukan shigo su yi ɗan kuka, su share hawaye, sai wata ta ce, Allah sarki Baba Ingila, yau labarin Banli ya ƙare. Sai a rufe baki da gefen mayafi ana dariya ƙasa-ƙasa. Matan ƙannena, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa ba, suna zagayawa da gahawa da dabino suna cewa miskin, tsoho ne mai son magana. Ɗaliban da suka zo karatu daga gida, waɗanda suka saba cin tuwon gidanmu duk Juma'a, sun cika kujerun da aka jera a titi, an ce sun yabi hannunsa ƙwarai. Liman ya ce bai taɓa juyowa ya rasa shi a sahun farko ba. Duk na yarda. Mutum ɗaya aka lura bai tako ƙofar ba, wato Baba Mai-tsire, maƙwabcinmu Basakkwace, kowa kuwa ya ce ba abin mamaki ba ne, tunda tun muna yara suke faɗa da Baba.

Abin da babu wanda ya ambata shi ne, ba a binne Baba da likkafaninsa ba. Yana da shi, shi ya saƙa abinsa tun ban zo duniya ba, kuma ni ce na miƙa wa babban ƙanena shi hannu da hannu a ƙofar asibiti. A rana ta biyu ta makoki na shiga kicin neman faranti, sai na gan shi cikin baƙar leda a bayan ƙofa, an jingina shi da kwalayen ruwan da aka shanye, ana jiran mai kwasar shara. Na ɗauke shi na kai ɗakina na kulle, na dawo na ci gaba da amsa gaisuwa.

Wanda bai san yadin nan ba bai san Baba ba, don haka bari in faɗi inda ya fito.

Baba mutumin Funtuwa ne, a gonar auduga ya buɗe ido. Yana saurayi ya shiga aikin masaƙa a Kaduna, daga nan aka zaɓe shi cikin waɗanda aka tura Ingila su koyo aikin injin. Aka kai shi wani gari da ake rubutawa Burnley, shi kuwa har ya mutu Banli yake cewa, mu ma haka muka tashi muna faɗa. Bai cika shekara biyu a can ba, amma sai da garin ya bi shi Kaduna, ya kuma biyo shi Makka lokacin da wani attajirin yadi ya ɗauke shi aiki saboda sanin zare. Ni a Kaduna aka haife ni, da wayona muka zo. Ƙannena maza biyu a nan aka haife su, Larabci ne a bakinsu, Hausa kuwa sai in za su roƙi wani abu.

In aka yi baƙo, ana gama cin abinci Baba zai jawo tiren shayi ya fara gina Banli a kan darduma. Tiren shi ne garin, don a cikin kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi. Kofuna su ne dogayen bututun hayaƙin masaƙu, yakan ce in ka tsaya a tudu ba ka iya ƙirga su, kuma ba ka ganin garin sai ranar Lahadi da injuna suka huta. Sai ya jera cokula a kan bakin kofuna ya ce ga kogin da mutane suka haƙa da hannu, wanda jiragen ruwa ke bi su kawo auduga su kwashi yadi. A tsakiyar garin ba haƙa shi aka yi ba, ƙasa aka tara aka yi ganuwa doguwa miƙaƙƙiya, aka ɗora ruwan a samanta, har mutum yana tafiya a gefen ruwan yana leƙen rufin gidaje a ƙasansa.

Daga nan sai ya juyo kaina, don ni kaɗai nake zama har ƙarshe.

"In Allah ya kai ki Banli, kada ki tsaya kallon kantuna. Ki hau ganuwar nan tukuna, ki bi ruwan har unguwar masaƙa ta dā, inda rumbunan yadi suke leƙo kan kogi. Ki shiga kasuwar da aka yi wa rufi. Ki je gidan dutse na masu sarautar garin, yana cikin wani fili mai itatuwa, yanzu ko ɗan talaka shiga yake ya kalli gadon da suka kwana. In da sauran ƙarfinki ki hau dutsen Pendil, inda aka kama wasu mata aka rataye su wai mayu ne. Kada wani ya ce miki mu kaɗai ke da jahilci."

Tun da muka zo ban taɓa fita daga Makka ba in ba Madina da Jidda da Kano ba, amma na tabbata ko yau aka ajiye ni a tashar jirgin ƙasan garin nan ba zan tambayi kowa hanya ba.

Mutane sun ɗauka Baba yabon Turawa yake yi, shi ya sa suka laƙaba masa Baba Ingila. Da sun saurara da sun ji ba haka ba ne. Yakan ce asalin garin ƙauyen makiyayan tumaki ne, kowa da 'yar masaƙarsa ta hannu a ɗaki kamar masaƙan Zariya. Aka gano kwal a ƙarƙashin ƙasarsu, aka haƙa kogi, aka kawo injin tururi, damshin garin kuma ya dace da zare don ba ya tsinkewa, shi ke nan ƙauye ya zama garin da ke tufatar da rabin duniya. Tsofaffin can sun gaya masa, kafin karin kumallo suke saƙa na Ingila, sauran yinin na mutanen duniya ne. Amma yakan ɗaga yatsa ya ce audugar farko bayi ne suka tsince ta a Amurka, 'ya'yan uwarmu, yara ƙanana kuma su ke rarrafe a ƙarƙashin injin suna share ƙura, tsofaffin masaƙa kuwa tari ne ke kai su kabari. Kada ki ga gini ki ce aljanna ce, in ji shi, da huhun talakawa aka ɗora shi.

Ƙarar injunan ta cinye masa kunne ɗaya, ta rage ɗayan. Shi ya sa yake magana kamar yana kiran wani daga hayin rafi, ko a masallaci ne. A madadin haka ya koyo abin da masaƙan can suka iya, wato karanta leɓe, don a cikin masaƙa ba a jin murya, da baki kawai ake hira daga wannan bango zuwa wancan. Mun sha wuya da wannan ilimi. Ba a yi masa raɗa a ɗaki. Innarmu, Allah ya jiƙanta, in za ta yi gulmarsa sai ta juya masa baya, shi kuwa ya ce wa bangon, na dai ga kunnenki yana motsi. Ƙannena ne kaɗai suka tsira, da suka gano Larabcin leɓe ya fi ƙarfinsa, tun daga nan suka koma yin sirrinsu a gabansa ido da ido.

Hannunsa kuma ba ya barin tufar mutane. Kafin ya amsa sallamarka ya riga ya kama gefen rigarka da babban yatsa da manuni ya murza. Ya yi wa liman, ya yi wa likita, ya yi wa mijina ranar da ya zo neman aurena cikin farar riga mai ƙyalli da ya ci bashin tsada a kanta. Baba ya murza ya ce, yaro, leda ce ka sa, amma ba komai, ba rigar za ta aura ba. Mijina bai sake sa rigar nan ba.

To, yadin. A makonsa na farko a masaƙar Banli aka haɗa shi da wata tsohuwar Baturiya ta koya masa aiki. Bai taɓa kiranta da suna a gabanmu ba, uwar ɗakina yake cewa. Lokacin hunturu ne, a can kuwa rana ba ta daɗewa, azahar da la'asar da magariba bin juna suke yi tun ba a tashi daga aiki ba. Ranar farko da aka bar masa injin shi kaɗai, lokacin azahar ya yi, ya duba babu wanda zai tambaya cikin wannan ƙara, sai ya ja hannun injin ya tsayar, ya zagaya bayan dilolin auduga ya yi sallarsa, ya dawo ya tayar. Haka ya yi da la'asar, haka da magariba. Bai san cewa injin saƙa in ya tsaya ya huce, aka tayar da shi ba da gwaninta ba, zaren yakan bar layi a faɗin yadin ba. Da aka kai yadin wurin mai dubawa, ya ɗaga shi a fitila ya ga layi uku, sai ya jefar da shi gefe ya ce ba ya sayuwa, ya kuma yi wa Baba tatas a gaban mutane.

Tsohuwar ta tambaye shi da leɓe me ya kai shi bayan diloli. Ya gwada mata ruku'u da sujada. Washegari lokacin azahar sai ga ta ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa bayan diloli, ta haɗa injinsa da nata ta riƙe har ya dawo. Haka ta yi masa har ya bar garin, ita da ba ta san alƙibla ba. Ita ce kuma ta karɓo masa yadin da aka jefar, ta naɗe ta sa masa a hammata, ta haɗa masa da kwat ɗin mijinta da ya rasu don ta ga sanyi na neman kashe shi. Baba bai taɓa ba da labarin matar nan muryarsa ba ta sauka ba, shi da ba a san shi da saukar murya ba.

Akoko ne yadin, ba a wanke shi da maganin fari ba, launin audugar da Allah ya halitta ne a jikinsa. Shekarar da Baba ya fara aikin hajji ya wanke shi da zamzam. Daga nan duk shekara in alhazai sun watse, sai ya buɗe adakarsa ya ce in taya shi mu kai shi kan soro ya sha iska. Ni ke riƙe wancan bakin, shi wannan, ya bi da yatsa har ya sami layukan. Yakan ce, wannan azahar, wannan la'asar, wannan magariba, su ne sallolin da na yi ina jin tsoro, ban san ko akwai waɗanda suka fi su a wurin Allah ba. A sa ni a ciki, kuma in za a yanka kada almakashi ya hau kan layin. Bai faɗa a ɓoye ba, bai faɗa sau ɗaya ba. Ya faɗa a gaban Inna, ya faɗa a gaban ƙannena suna danna waya, ya faɗa a gaban duk wanda ya taɓa shan shayi a gidanmu.

Faɗansa da Baba Mai-tsire ma a kan Banli ne. Tun ranar da Basakkwacen nan ya ji zancen kogi a saman gidaje ya ce ƙarya ce, ruwa ba ya hawa tudu ko a ƙasar aljannu. Ya ce magariba da ƙarfe huɗu ma ƙarya ce, sai dai in Turawan sun saci rana. Duk yamma Baba zai ɗauki kujerarsa ya je bakin tukubar tsiren ya zauna, ya soma daga tashar jirgi, wancan yana juya nama yana cewa ƙarya, har a kira salla su tafi masallaci tare kowa na cika yana batsewa. Akwai azumin da suka yi cur ba sa gaisawa, amma kullum sai an aiko wa Baba ƙunshin tsire da shan ruwa, shi kuma ya mayar da kunun gyaɗa, ba saƙo ba godiya.

Wata shekara wani ɗan asalin Fakistan ya shigo shagon yadin da Baba ya buɗe daga baya, sayen harami, ya yi magana da Turanci. Baba ya kalli bakinsa ya ce, kai ɗan Banli ne. Ashe kuwa can aka haife shi, ubansa ma masaƙa ce ta kai shi. Baba ya ja ƙofar shago ya rufe, ana tsakiyar ciniki, ya zaunar da shi ya bi garin da shi titi-titi. Mutumin ya ce masaƙun sun mutu, an kayar da yawancin bututun, wasu gine-ginen sun zama ofisoshi da gidajen kwana. Amma an bar masaƙa guda a gefen gari yadda take, da injin tururinta da jerin injunan saƙa, an mai da ita gidan tarihi, ana shafa musu mai, mutane na zuwa kallo da 'ya'yansu. Ya ce unguwar masaƙa ta bakin kogi ma an gyara ta, a kan tudu kuma an kafa wata bishiya ta bututun ƙarfe da ke kuka in iska ta busa. Ya ce yanzu akwai masallatai a garin, ana kiran salla a ciki.

Baba ya kamo hannun mutumin nan har bakin tukuba ya ce ya yi shaida a kan kogin. Mutumin ya rantse. Baba Mai-tsire ya saurara tsaf, ya yanka masa nama ya ba shi, sannan ya ce wa Baba ai shaidar da aka jawo da hannu ba shaida ba ce.

Da Baba ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Na ɗauka mutuwar masaƙun ce ta dame shi, ashe wadda aka bari ce. Ya ce su da suka gama da abin sun ajiye guda suna nuna wa jikokinsu, mu kuwa tamu ta Kaduna ciyawa ta fito a cikinta, ɓarayi sun kwance ƙarafan sun sayar a kilo. Ya ce unguwar da muka fara sauka a nan Makka ma in ya je ba ya gane inda ƙofarmu take. Mu ba ma ajiya, in ji shi, abu in ya tsufa kunyarsa muke ji. Ya so ya koma ya ga injin nan sau ɗaya, takardu da gwiwa suka hana.

Ga kuma abin da ya fi ƙona mini rai. A zamanin da ba a samu masu wankan gawa na sadaka ko'ina kamar yanzu ba, in Bahaushe ya mutu a Makka ba shi da kowa, shagon Baba ake zuwa. Tsoffin da suka zo da ƙafa suka ƙare a nan, matan da ke sayar da goro a bakin titi, alhajin da ya faɗi a Mina ko Muzdalifa 'yan'uwansa suka rasa ta yi, Baba zai auna farin yadin alawayyo mai kyau ya yanka, ya ce a tafi, ya hana a yi maganar kuɗi. Yakan murza yadin tukuna, wai kada a kai bawan Allah kabari cikin leda. Mutumin da ya suturta waɗannan duka, shi ne aka rasa mai cika masa wasiyyar yadi guda.

Na san abin da malamai za su ce, kuma sun faɗa mini. Likkafani sutura ce, fari mai tsabta ya wadatar, babu abin da ya ragu ga mamaci. Ban yi musu ba, ban kuma ce Baba yana cikin wani hali saboda yadi ba, Allah ya kiyaye. Masu wankan ma ba su da laifi, abin da aka ce su sa shi suka sa. Maganata da masu rai ce.

Washegarin da aka kwashe kujeru, babban ƙanena ya zo tare da autanmu wai a fitar da kayan ɗakin Baba a yi sadaka da su. Na ce ya jira ni a falo. Na ɗauko yadin na warware shi a kan darduma, daidai inda Baba ke gina garinsa, na tambaye shi me wannan yake yi a bayan ƙofar kicin. Ya kalli auta, auta ya kalli ƙasa.

"Ya Yaya, wallahi aib ne," in ji shi. "Mudir ɗina, maigidana na wurin aiki, yana tsaye, surukaina suna tsaye. Na buɗe na gan shi asfar, ja-ja haka, ga layi-layi kamar buhu. Su kuma suna da kafan jadid, sabon likkafani fari tas. Me za a ce? A ce ba mu iya saya wa ubanmu sabo ba? Kalas, kafan kafan ne."

Kalas ɗin nan da 'yan Makka ke rufe kowace magana da ita, ranar ba ta rufe tawa ba. Na ce masa sau biyu ke nan ana ɗaga yadin nan a fitila ana jefar da shi. Na farko Bature ne, bai san salla ba, yana da uzuri. Na tambaye shi ko ya san menene layukan. Ya ce bai sani ba, kuma na ga a idonsa da gaske yake, abin da ya fi ƙarya ciwo ke nan. Na ce an faɗa a kunnenka tun kana rarrafe, kai ne ka ɗauki maganar ubanka ƙarar fanka. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, ban kuma janye ko ɗaya ba.

Muna cikin haka aka yi sallama, sai ga Baba Mai-tsire yana dogara sanda. Hayaƙin tukuba ya daɗe da cinye masa ido, sai da auta ya kama shi ya zaunar. Bai yi mana gaisuwar da aka saba ba. Ya ce bai zo aza ba ne don ba ya iya zama yana jin mutane na yabon abokin faɗansa, shi bai gama da shi ba tukuna. Yana ajiye sanda hannunsa ya sauka a kan yadin. Ya murza shi da yatsa biyu, yadda Baba ke yi.

"Ɗiyata, mi wanga yaka yi nan? Ba shi anka sa mishi ba?"

Bai jira amsa ba. Ya gane. Ya jawo yadin kan cinyarsa yana bi da yatsa a hankali har ya ci karo da layin farko.

"Wagga azahar ta," in ji shi. Ya ci gaba da ja, ya daɗe yana ja. "Wagga la'asar. Magariba tana can gaba, kusa ga baki, inda zaren ya ɗan tattare."

Ƙanena ya durƙusa ya duba, tana nan inda ya ce. Daga nan tsohon nan, ba wanda ya roƙe shi, ya soma daga tashar jirgin ƙasa. Ya hau ganuwa, ya bi ruwa har unguwar masaƙa, ya shiga kasuwa mai rufi, ya je gidan dutse, ya hau Pendil, ya kawo tsohuwar Baturiya da kwat ɗin mijinta, bai tsallake ko lungu ɗaya ba. Ashe duk garin nan mutum biyu ne muka saurari Baba, ni da wanda ke ce masa maƙaryaci. A nan ne na yi kukan da ban yi ba a kwana ukun makoki. Ƙanena kuwa yana durƙushe, yatsansa a kan magariba, ya kasa ɗagowa.

Da tsohon ya gama ya tambaye ni me zan yi da yadin. Na ce ban sani ba, na dai san ba zai koma leda ba.

"Ba ni shi in kai mishi," ya ce. "Ni na kusa tafiya, kuma Shara'i za a kai ni."

Na so in riƙe shi wa kaina, ba zan ɓoye ba. Amma ni ban san ranata ba, tana iya yin nisa, kuma Baba bai saƙa shi don ya zauna a adaka ba. Na naɗe shi yadda muke naɗewa a kan soro. Na ce wa ƙanena shi zai ɗauka, a hannu, ba leda, ya bi titin Zahir da shi a bayan tsohon har gida, duk wanda ya tambaye shi menene ya tsaya ya faɗa masa, da Hausa ko da Larabci, wanda ya fi masa sauƙi. Na ce ranar da ajalin tsohon ya zo, shi zai kai yadin wurin wanka, ni kuma zan tsaya a bakin ƙofa har a fito, ko za a ce mace ba ta zuwa, kuma kada almakashi ya hau kan layi. Bai ce kalas ba. Ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi sallolin nan uku da duk waɗanda suka biyo bayansu, ya suturta shi kamar yadda ya suturta bayinsa. Tsohuwar da ta riƙe masa injin, Allah ya fi mu sanin abin da ke tsakaninsa da ita. Mu da muka rage, Allah ya ba mu kunnen jin tsofaffinmu tun bakinsu na motsi.

Sun kai ƙofa, ƙanena na rungume da yadin, sai Baba Mai-tsire ya tsaya ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Amma ruwa bisa gidaje dai ƙarya ta, ɗiyata," in ji shi. "In na isa, da ita za mu fara."